Yadda Ake Nazarin Tsani da Ƙididdigar Bayes a Binciken Firgici Bayan Tashin Hankali

Duk ɗalibin Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko likitan Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware da ya ɗauki binciken halin da mutanen Sabon Birni, Isa, Rabah ko Goronyo suka shiga bayan hare-haren 'yan bindiga, zai tarar cewa tambayar ko tashin hankali yana haifar da ciwon firgici, wato PTSD, an daɗe da amsa ta. Tambayar da ta rage, wadda kuma take da amfani ga mai ba da magani, ita ce ta wace hanya masifar take kai mutum ga ciwon. Idan ta hanyar wargajewar zumunci ce, to aikin da ya kamata a yi shi ne maido wa mutane da dangi da maƙwabta da majalisar da suke zama. Idan kuwa ta hanyar rashin barci ce, maganin daban ne. Binciken wannan hanya ta tsakiya shi muke kira nazarin tsani, kuma abin da ke biye bayani ne na yadda ake yin sa da ƙididdigar Bayes, wato hanyar lissafi da ke haɗa abin da aka sani tun farko da bayanan da aka tara, tun daga zana tambaya har zuwa rubuta rahoto.

Da farko: a zana tambayar a takarda

Abubuwa uku ake bukata: sanadi, tsani da sakamako. A misalin da za mu bi, sanadi shi ne yawan nau'o'in masifar da mutum ya gani, kamar ƙone gida, kashe ɗan'uwa a gabansa, garkuwa da shi ko kore masa dabbobi. Tsani shi ne tallafin da yake jin yana samu daga iyali da abokai. Sakamako kuma shi ne tsananin alamomin firgici. A ja kibiya daga sanadi zuwa tsani a sa mata suna a, a ja wata daga tsani zuwa sakamako a kira ta b, sannan a ja ta uku daga sanadi kai tsaye zuwa sakamako a kira ta c′. Tasirin da ya bi ta tsani shi ne a sau b, kuma wannan adadi shi ne abin da dukan aikin yake nema.

Zaɓen tsani ba a yin sa da ka. Nazarin da Brewin da abokan aikinsa suka wallafa a 2000, wanda ya tattara bincike masu yawa wuri guda, ya nuna cewa rashin tallafin jama'a bayan masifa yana cikin abubuwan da suka fi alaƙa da kamuwa da PTSD a tsakanin manya, saboda haka akwai hujjar ɗora shi a tsakiya. A kan wannan takarda kuma a lissafa duk abin da zai iya taɓa tsani da sakamako a lokaci guda: jinsi, shekaru, talauci, takaba ko mutuwar aure, ciwon jiki mai daɗewa, da tsawon lokacin da mutum ya yi da barin garinsu. Wanda aka manta da shi a wannan mataki, ba a iya ƙirƙiro shi bayan an dawo daga fili.

Na biyu: a raba lokutan awo

A nan ne mafi yawan bincike irin wannan yake samun tangarɗa, kuma babu wata manhaja da za ta gyara shi daga baya. Idan aka auna masifa da tallafi da firgici duk a zama ɗaya, lissafin zai fitar da adadi, amma adadin ba zai faɗi wanne ya riga wanne ba. Mutumin da firgici ya kama yakan daina fita majalisa, ya ƙaurace wa suna da biki, ya yi ta faɗa da iyalinsa a kan abin da bai kai ya kawo ba, har mutane su fara ja da baya. A irin wannan hali ciwon ne ya cinye tallafin, alhali zanenmu yana cewa rashin tallafi ne ya kawo ciwon. Kaniasty da Norris sun bi waɗanda ambaliya da zaftarewar ƙasa suka shafa a Meziko a 1999, kuma a rahotonsu na 2008 sun nuna cewa a watannin farko tallafi ne yake rage alamomi, amma daga baya sai al'amarin ya juya, alamomin suka koma rage tallafi. Maxwell da Cole kuma sun nuna a 2007 cewa nazarin tsani da aka gina a kan awo na lokaci ɗaya yana iya kauce wa gaskiya nesa ba kusa ba.

Abin da ya dace shi ne ziyara uku, ko aƙalla biyu. A ziyarar farko a rubuta masifun da mutum ya gani tare da tallafi da alamominsa na wannan rana, bayan wasu watanni a sake auna tallafi, bayan wasu watannin kuma a auna firgici. Mai tsara jadawalin ya tuna da damina: daga Yuni zuwa Satumba, waɗanda suka samu sararin komawa gona sukan koma, sai a zo ziyara ta biyu a tarar da ɗaki a rufe. Tun ranar farko a karɓi lambar waya fiye da ɗaya, a kuma san mai unguwar da zai iya nuna inda mutum ya koma. Wanda kuɗi ko lokacin karatu bai ba shi damar ziyara fiye da ɗaya ba, yana iya yin lissafin, amma ya rubuta a fili cewa alaƙa ya gano, bai tabbatar da sanadi ba.

Na uku: kayan awo da mutanen da za a tambaya

Don alamomin firgici, takardar PCL-5 tana da tambayoyi 20, kowace ana amsa ta daga 0 zuwa 4, jimillar maki daga 0 zuwa 80. Don tallafi akwai takardar MSPSS ta 1988, mai tambayoyi 12 a kan iyali, abokai da wani makusanci na musamman. Don masifu ana iya farawa da jerin LEC-5, a ƙara abubuwan da suka shafi yankin, irin su biyan kuɗin fansa da harajin da ake ɗora wa ƙauye. Wanda ya zaɓi rashin barci a matsayin tsani ya lura cewa PCL-5 kanta tana tambayar mugun mafarki da wahalar barci, don haka sai ya cire waɗannan biyun daga jimilla, in ba haka ba abu guda zai auna sau biyu ya ɗauka ya gano dangantaka.

A fassara takardun zuwa Hausa, wani daban da bai ga asalin ba ya mayar da su Turanci, a gwada su biyun, sannan a jarraba a kan mutane kaɗan da Hausar da ake yi a Sakkwato, domin abin da ya zauna daidai a kunnen Bakano ba lalle ya zauna a kunnen mutumin Gwadabawa ba. Inda ake da masu jin Fulfulde a tanadi mai tambaya da ke jin ta. Mai tambaya ya sani cewa idan ya ce wa dattijuwa, "Inna, yaya barci?", amsar farko "Alhamdu lillahi" ce, kuma wannan ladabi ne, ba maki ba ne. Sai ya zauna, ya ƙara tambaya a hankali ko takan farka cikin dare idan ta ji ƙarar babur, sannan amsar da za a rubuta take fitowa. Ga wanda bai saba da zaɓen lamba ba, a nuna masa hoton kofuna biyar, daga wanda babu komai a ciki zuwa wanda ya cika, ya nuna da yatsa.

Kafin a fita, a samu amincewar kwamitin ɗa'ar bincike, a gai da hakimi ko mai gari a sanar da shi, amma yardar shiga bincike ta mutumin da za a tambaya ce shi kansa, kuma yana da ikon tsayawa a tsakiyar hira. Mata su tambayi mata, a keɓe. A shirya tun da wuri inda za a tura wanda aka ga yana cikin matsanancin hali, ko Kware ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Sunaye kuma a raba su da amsoshi, a ajiye su daban, kamar yadda Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 take bukatar a kula da bayanan lafiyar mutane.

Na huɗu: me ya sa Bayes, kuma mutum nawa

Tsohuwar hanyar Baron da Kenny ta 1986 da gwajin Sobel na 1982, waɗanda ake gwada tasirin tsani da su, har yanzu suna cikin kundayen ɗalibai. Matsalar gwajin Sobel ita ce yana ɗauka cewa a sau b yana bazuwa daidai wa daida hagu da dama, alhali idan aka ninka adadi biyu marasa tabbas, abin da ke fitowa yakan karkata gefe guda, musamman idan mutanen da aka tambaya ba su da yawa. Hanyar Bayes, wadda Yuan da MacKinnon suka shimfiɗa wa nazarin tsani a 2009, ba ta bukatar wannan zato. Tana fitar da dubban ƙimomin a da b masu yiwuwa, a ninka su ɗaya bayan ɗaya, a ga siffar abin da idon mutum. Asalin ƙa'idar kuwa tsohuwa ce: maƙalar Thomas Bayes ta fito a 1763, shekara biyu bayan rasuwarsa.

Amma kada a ɗauka Bayes tana maye gurbin mutane. Fritz da MacKinnon sun lissafa a 2007 cewa idan a da b duka matsakaita ne, gwajin Sobel yana bukatar mutum 90 don samun damar kashi 80 cikin ɗari ta gano tasirin, idan kuwa duka ƙanana ne yana bukatar 667. Hanyar Bayes da zato na farko marar ƙarfi, wanda bayaninsa yake zuwa a mataki na biyar, ba ta rage wannan nauyi da wani abin a zo a gani ba. Saboda haka a nemi iyakar adadin da za a iya bi har ziyara ta ƙarshe, a kuma ƙara wani kaso saboda waɗanda za su ɓace a hanya.

Bayan an tattara bayanai, a daidaita sanadi da tsani da sakamako ta yadda matsakaicin kowanne zai zama 0, ma'aunin bazuwarsa kuma 1, domin hakan yana sauƙaƙa mataki na gaba ƙwarai. Shawarata ita ce a bar makin PCL-5 yadda yake, kada a yanka shi a 31 ko 33 a raba mutane gida biyu, saboda yankan yana zubar da bayani, kuma yana rushe sauƙin lissafin a sau b.

Na biyar: zato na farko

Wannan shi ne abin da ya bambanta Bayes da sauran hanyoyi, kuma shi ne inda masu jarrabawa za su fi matsa wa ɗalibi. Manomin gero yakan san kimanin damin da gonarsa take bayarwa tun kafin ya shuka, idan zangarniya ta fito kuma sai ya gyara lissafinsa gwargwadon abin da ya gani. Zato na farko shi ne wancan sani na kafin shuka, bayanan fili su ne zangarniya, abin da ya fito bayan an haɗa su kuma shi ne zato na ƙarshe. Idan bayanai suna da yawa, su suke rinjaye. Idan kaɗan ne, zato na farko yana da baki sosai a cikin sakamako, kuma binciken firgici galibi da mutane kaɗan ake yin sa. Van de Schoot da abokan aikinsa sun nuna haka a 2015 da bayanan wasu 'yan tsirarun majinyata da suka tsira daga ƙunar wuta: zato mai tushe yana taimakawa, amma dole a gwada yadda sakamako yake sauyawa idan an sauya shi.

A shirya zato iri uku, a rubuta su da kwanan wata kafin a buɗe bayanai. Na ɗaya, wanda za a dogara da shi, mai sassauci ne: tsakiyarsa 0, bazuwarsa 0.5. Tunda an daidaita ma'aunai, ma'anarsa ita ce ana ganin a da b kusan tabbas suna tsakanin −1 da 1, ba tare da an ce ga gefen da suka nufa ba. Na biyu mai faɗi ne sosai, misali bazuwa 5, wanda kusan bai ce komai ba. Na uku shi ne wanda aka gina a kan binciken baya ko ra'ayin likitocin da suka daɗe suna ganin irin waɗannan majinyata. A nan ina ganin ya kamata a yi taka-tsantsan, domin yawancin adadin da ke cikin mujallu daga tsofaffin sojoji da majinyatan Amurka da Turai aka samo su, kuma matsayin dangi a rayuwar mutumin Wurno ba ɗaya yake da nasu ba. Idan za a ari tsakiyar daga can, a faɗaɗa bazuwar, a kuma bayyana dalilin faɗaɗawar.

Na shida: gudanar da lissafin

Manhajar ƙididdiga ta R kyauta ce, haka ma brms, kunshin lissafin Bayes na cikin R, wadda Paul Bürkner ya rubuta a kan injin Stan. Mai amfani da Windows sai ya sauke Rtools ma, wato kayan haɗin da Stan yake bukata kafin ya yi aiki a can, kuma gara ya yi duka saukarwar a rana ɗaya inda intanet yake da ƙarfi, domin bayan haka lissafin ba ya bukatar intanet. Ga ginshiƙin umarnin, inda d yake nufin teburin bayanai:

```
m1 <- bf(tallafi ~ masifa + jinsi + shekaru + (1 | gari))
m2 <- bf(firgici ~ masifa + tallafi + jinsi + shekaru + (1 | gari))
z1 <- c(prior(normal(0, 0.5), class = b, resp = tallafi),
        prior(normal(0, 0.5), class = b, resp = firgici))
fit <- brm(m1 + m2 + set_rescor(FALSE), data = d, prior = z1,
           chains = 4, iter = 4000, seed = 2024)
```

Layi na farko yana ba da a, na biyu yana ba da b da c′, z1 kuma shi ne zato na ɗaya. Sashen da ya ambaci gari yana da muhimmanci a nan fiye da wurare da yawa, saboda mutanen ƙauye ɗaya hari ɗaya suka gani, sau da yawa kuma wuri ɗaya suka gudu, don haka amsoshinsu suna kama da juna. Sauran abubuwan da aka lissafa a mataki na farko a jera su bayan shekaru. Idan aka sa makin firgici na ziyarar farko a ciki, a sani cewa tambayar ta koma ta sauyin da aka samu bayan wannan ziyara, kuma a faɗi haka a rahoto. Waɗanda suka ɓace kafin ziyara ta ƙarshe kada a share su kawai, domin mai yiwuwa su ne ciwon ya fi tsanani a kansu. Brms tana da mi() don cike gurbi a cikin lissafin kansa, ko a cike da kunshin mice na R sannan a yi amfani da brm_multiple.

Da wannan umarni za a samu sarƙoƙi huɗu, wato jerin ɗibar ƙimomi huɗu masu zaman kansu, kowace ta zubar da rabin farko na zagayenta, a rage da ɗiba 8,000. Kafin a kalli wani sakamako, a duba cewa sarƙoƙin sun haɗu: Rhat, wato ma'aunin haɗuwar sarƙoƙin, ya kasance ƙasa da 1.01 ga kowane adadi, ESS, wato kimanin yawan ɗiba masu zaman kansu, ya wuce 400, hoton sarƙoƙin ya cakuɗe ba tare da wata ta ware gefe ba. Idan manhajar ta yi gargaɗin cewa wasu zagaye sun kauce, a ɗaga adapt_delta zuwa 0.95 ko 0.99 a sake. Sannan a kira pp_check don ganin ko bayanan da lissafin yake ƙirƙirowa sun yi kama da na gaske; makin firgici yakan taru a ƙasa ya ja doguwar jela zuwa sama, kuma idan hotunan biyu sun saɓa sosai, sai a sauya siffar bazuwar da aka zaɓa.

Na bakwai: karanta sakamako da rubuta shi

```
s <- as_draws_df(fit)
ab <- s$b_tallafi_masifa * s$b_firgici_tallafi
quantile(ab, c(0.025, 0.5, 0.975))
mean(ab > 0)
```

A ɗauka, don misalin lissafi kawai, cewa a ya fito −0.30, b kuma −0.40. Ma'anar ita ce yawan masifa yana tafiya da raguwar tallafi, yawan tallafi kuma yana tafiya da raguwar firgici, a sau b ya zama 0.12. Idan c′ ya kasance 0.25, jimillar tasiri 0.37 ke nan, kimanin kashi ɗaya cikin uku ya bi ta tsani. Layi na uku yana ba da tsakiyar ƙimar da iyakoki biyu, kuma mai rahoto yana da damar cewa, bisa wannan lissafi da wannan zato, akwai yiwuwar kashi 95 cikin ɗari cewa tasirin yana tsakanin iyakokin nan. Wannan ita ce jimlar da ɗalibai suka saba rubutawa a kan tazarar tsohuwar hanya, wato confidence interval, bisa kuskure, a nan kuwa daidai take. Layi na huɗu yana faɗin yiwuwar cewa tasirin ya haura sifiri. Shi kuwa kason nan na ɗaya cikin uku a riƙe shi da sassauci, saboda yakan yi tsalle sosai idan jimillar tasiri ƙarama ce.

Daga nan a sake gudanar da komai da zato na biyu da na uku, a jera sakamakon ukun a tebur ɗaya. Idan sun yi kusa da juna, bayanai ne suka yi magana. Idan tasirin ya bayyana da zato na uku kaɗai, a rubuta cewa bayanan da aka tara ba su isa su yanke hukunci ba, kuma wannan ma sakamako ne da ya cancanci shiga kundi. Jerin dubawa na WAMBS mai matakai 10, wanda Depaoli da van de Schoot suka fitar a 2017, yana da amfani a ajiye shi kusa yayin wannan aiki. Sai kuma batun sanadin ɓoye da ba a auna ba: umarnin medsens na kunshin mediation, wanda ya fito daga aikin Imai da Keele da Tingley na 2010, yana nuna ƙarfin da irin wannan sanadi zai kai kafin ya shafe tasirin. Ba ya karɓar abin da brms ta fitar, don haka sai a sake gina layukan biyu da lm, umarnin R na yau da kullum, don wannan gwaji kawai.

A cikin rahoto a sa zanen kibiyoyi, lokutan ziyara, adadin waɗanda suka fara da waɗanda suka kai ƙarshe, yadda aka yi fassara, zato ukun da dalilin kowanne, Rhat da ESS, hoton bazuwar a sau b, da umarnin R gaba ɗaya a rataye. Sunayen ƙananan ƙauyuka kuma a musanya su da lambobi kafin a miƙa teburin bayanai ga kowa, domin a ƙauye mai gida talatin, jinsi da shekaru da irin masifar da aka rubuta sun isa a gane mutum.